Tukunyar Inna a Kan Sabon Murhu

Yaya,

Na wuce aiki, ba zan iya jiranka ba. Don Allah kar ka taɓa sabon murhun nan mai fuskar gilashi sai na dawo. Ka ɗora girkinka a gas.

Ɗazu da hantsi na dawo daga kasuwa na tarar da tukunyar marigayiya Inna a kansa, ruwa na tafasa. A kulle na sami ƙofa, kuma ni ban ɗora komai ba. Da gas ne, sai in ce mantuwa na yi. Da tsohon na lantarkin ne, sai in ce zafin safe ne bai huce ba. Amma ka san wannan ba ya aiki sai da tukunyar da maganaɗisu ke kamawa, ta Inna kuwa alminiyam ce. Ranar da muka kawo shi sau uku ta gwada yana ƙi, har ta ja tsaki ta ce ita ba ta yarda da wutar da ido ba ya gani ba.

Na zare filogi, ruwan bai fasa tafasa ba. Sai da na ce, "Inna, na dawo," sannan ya lafa.

Kar ka fara ce min tsoro ne, ga yatsana nan ya tashi inda na taɓa tukunyar. Na auna ruwan, kofi uku ne cif, yadda take ɗora mana na shayi.

In za ka shiga kicin, ka yi sallama.

Auta