Sunan da Goggo Verla Ta Tsallake

Elk Fork, Iowa
3 ga Maris

Goggo Verla,

Gaisuwa mai yawa, da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Albishirinki: ni da mijina mun sayi filin tseren motoci na bayan gari. Za mu buɗe a Asabar ta biyu ta Mayu. Ina so in kafa allo a bakin ƙofa da sunayen duk waɗanda suka taɓa mallakarsa. Ke ce kika yi shekara da shekaru a benen filin kina ƙirga zagayen motoci, don haka ki rubuto mini su a jere. Na ware miki kujera a sahun gaba.

'Yarki,
Shawna

10 ga Maris

'Yata Shawna,

Gaisuwa da sa albarka. Gwiwa tana nan da halinta, amma wasiƙarki ta sa na manta da ita. Ɗauko biro, yau tsohuwar malama ta samu ɗaliba.

Emmett Vandekamp ne ya fara, a 1958. Gonar masararsa ce. Wurin laka ne mai riƙe ruwa, masara ba ta so, sai ya zagaye shi da tarakta ya ce wa matarsa, "Tunda ta ƙi ba mu abinci, ta ba mu nishaɗi." Shi ya kafa ƙa'idodi biyu: mai fili da kansa yake tuƙa tankar ruwa ya jiƙa ƙasa kafin tsere, kuma mai fili ba ya shiga tsere a filinsa.

Bayan rasuwarsa a 1974 ƙungiyar tsofaffin sojoji ta karɓa, ta riƙe har 1985. A 1988 'yan'uwan nan biyu, su Kuehl, suka zo suka malala kwalta, wai su wayayyu. Mutane suka ƙaurace, don mu ƙasa muke zuwa kallo. Dole suka kankare. Daga su sai Arlis Boone a 1996, wanda ya bari ciyawa ta cinye wurin. Sai ke.

Ki kula da lakar nan kamar jariri. Ki kafta, ki jiƙa, ki sake jiƙawa.

Goggonki,
Verla

16 ga Maris

Goggo,

Ina gaisuwa, na kuma gode. Amma ke kika koya mini lissafi: tsakanin 1985 da 1988 akwai shekara biyu. Takardun ofishin filaye sun ce Orval Tegeler. Babana kenan, ƙaninki. Ban taɓa sanin ya mallaki filin ba. Lallai zan ɗauko shi daga gidan kula da tsofaffi ranar buɗewa ya ga sunansa! Mantuwa kika yi?

Shawna

25 ga Maris

'Yata,

Ina gaishe ki. Ban manta ba. Sau uku na fara wannan takarda ina yagawa.

An gaya miki mijina Hollis ya mutu a hatsarin tsere kina 'yar goye. Ba a gaya miki a filin wa ba.

Babanki ya karya ƙa'ida ta biyu tun shekararsa ta farko, yana shiga tsere da motarsa. Motar kuwa ba ta da ƙarfi, ba ta cin nasara sai ƙasa ta bushe ta yi santsi, manyan injuna suna ta zamewa. Ranar 18 ga Yuli, 1987, rana ta yi zafi tun safe. Ina bene ina jera takarduna, na ga tankar ruwa a ajiye. Hollis ya je ya sami babanki, ina jin su.

"Suruki, yau azumi ka sa wa filin?"

"Famfo ya lalace."

"To kawo makulli in duba maka."

"Kai dai ji da akwalar motarka. In ƙura kake tsoro, hau bene ka taya matarka ƙirga."

Hollis ya yi dariya ya tafi. A zagaye na sha ɗaya ƙura ta rufe kwana ta uku, har mai ɗaga tutar gargaɗi bai ga komai ba. Wata mota ta juya a tsakiyar hanya, Hollis ya afka mata. Ina ta ƙirga motocin da ke fitowa daga ƙurar, lamba tara, motar Hollis, ba ta fito ba.

Washegari na je filin ni kaɗai, na hau tankar na murɗa makulli. Ruwa ya feso tun bugun farko.

Ban gaya wa kowa ba, saboda mahaifiyarki da ke. Ban kuma sake yi wa babanki magana ba, ku kuna cewa halin tsufa ne. Filinki ne, allonki ne. Amma ba zan wuce ta ƙarƙashin sunansa in je in zauna ina tafi ba.

Ki gafarce ni,
Verla

6 ga Afrilu

Goggo,

Ina gaisuwa. Na yi fushi da ke kwana biyar, sannan na je wurin Baba ranar Lahadi. Kin san yanzu wani lokaci ko ni ba ya ganewa. Na ce, "Baba, ka tuna ranar da Hollis ya rasu?"

Ya juya yana kallon taga. Na ce a raina ko kuka zai yi, in zo in gaya miki. Sai fuskarsa ta washe, ya kama hannuna.

"Yarinya, ai ranar ni na zo na ɗaya."

Mai rubutun allo yana jira zuwa Juma'a ta sama. Ubana ne, Goggo. Ke kuma ke kika raine ni rabin rayuwata. Ki faɗa mini abin da zan yi.

'Yarki,
Shawna

11 ga Afrilu

'Yata,

Gaisuwa. Ki sa sunansa. Ya mallaki filin, kuma shekara talatin ina hana yara tsallake abin da ba su so a tarihi. Orval Tegeler, 1986 zuwa 1987.

Ki kawo shi ya gani. Ni ba zan zo ba, bana ko baɗi.

Allah ya yi miki albarka.

Goggonki,
Verla