Rabin Rimot

Yatsan ya motsa! Babban yatsan hannun daman Dogo ya motsa, da idona na gani.

'Yata, ki yi haƙuri, na fara da labari ban gaishe ki ba. Yaya aiki, yaya maigidanki da ƙananan yara? Ina fatan kuna lafiya. Innarki tana gaishe ki.

Kin san tun da babur ya kayar da ɗan nan naki Dogo, hannun yake kwance a cinyarsa kamar na aro. Likita ta ce jijiya ce ta taɓu. In ba ta farka ba kafin ƙarshen wata, sai an yi aiki, kuma ko an yi ba ta ɗauki alkawarin komai ba. Daga ranar ya daina fira, ya lulluɓe talabijin ɗin ɗakinsa da zane.

Akwai wani wasan gem da yake yi kafin hatsarin. Wani ɗan mutum ne mai fitila a ƙasan rijiya, yana hawa dutse bayan dutse yana neman fita. Ya zame sau ɗaya, sai ya koma can ƙasa. Dogo ya ce manyan gwanaye ma ba su ga bakin rijiyar ba. Na tambaye shi to mene ne daɗin, ya ce ba zan gane ba, wai ni tsohon yayi ne.

Da na lura gefen hagu na rimot ɗin ke tafiyar da mutumin, gefen dama kuma tsalle, sai na ce ya riƙe hagu, ni in zama hannun damansa. Ya ce da ya ɗauki kafinta mai yatsan katako aiki, gara ya ɗauki kujera. Na ce kujerar ma ni na ƙera ta. Ya yarda dai.

Gaskiyarsa ce, guduma ta kashe mini yatsa. In ya ce tsalle, sai mun faɗa nake dannawa. Jiya mun kai wani siririn dutse na sake makara, ya yi tsaki ya kawo hannun daman zai ture nawa, a nan yatsan ya lanƙwashe. Shi ya ce ƙarya nake yi. Innarki ta ce in goge tabarau. Amma na gani.

Ki yi mana addu'a. Ki kuma yi haƙuri da rubutun, na makarantar yamma ne.

Mahaifinki,
Kafinta

'Yata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya zazzaɓin ƙaramar? Allah ya ƙara sauƙi.

Saƙonki ya iso, na ji har kin yi kukan murna. Shi ya sa wannan wasiƙa take yi mini nauyi. Yatsan bai sake motsawa ba. Kullum muna zaune kafaɗa da kafaɗa, ido ɗaya a talabijin, ɗaya a cinyarsa, shiru. Har na fara tunanin ko son zuciya ne ya nuna mini abin da babu, na sa miki rai a banza. Ranar komawa asibiti kuma tana ta matsowa. Ni kam abinci ba ya shiga.

Abin da ya fi ba ni haushi, na iya wasan. Yanzu kafin ya buɗe baki na danna. Mun wuce siririn dutsen, mun wuce wurin jemagu, har haske ya fara saukowa daga sama. Dogo yana dariya, yana kirana abokin aiki, ya gaya wa abokansa kakansa ya fi su. Ba zan ɓoye miki ba, kaina ya kumbura.

Innarki ce ta sauke ni. Ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya ta kalle mu, daga baya ta ja ni gefe ta ce, kai da ka zama masa hannu mai kyau, me zai yi da nasa? Ranar da ya motsa, ai haushinka ne ya motsa shi.

Na san abin da take nufi, kuma ina tsoro. Da ƙyar yaron nan ya dawo da dariya. In na ɓata masa hawan da muka sha wahalarsa kuma yatsan bai amsa ba, zanen zai koma kan talabijin, ni kuma ya rufe mini ƙofa.

Ki gaida maigidan.

Mahaifinki,
Kafinta

'Yata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, ki zauna kafin ki karanta.

Na yi. Mun hau inda ba mu taɓa kaiwa ba, saura tsalle ɗaya mu kama wata igiya. Ya ce yanzu, Tsoho, yanzu! Na ɗaga yatsana na bar madannin. Mutumin ya fara sulalewa, Dogo ya yi ihu ya fizge rimot ɗin da hannu biyu ya danna. Ya makara, mun faɗa har ƙasa, fitilar ta mutu. Yana cikin zazzaga mini masifa, wai na rusa aikin sati guda, sai Innarki ta saki tsintsiya ta nuna hannunsa. Ya duba. Ya sake dannawa, mutumin ya yi ɗan tsalle a ƙasan rijiya.

Likita ta gwada shi, ta ce jijiyar tana farkawa, an ɗaga maganar aiki. Ta ce kada mu yi gaggawar murna, sauran yatsun da saura, kuma wannan ɗin ma yana saurin gajiya. Gabana bai daina faɗuwa ba, amma na ci abinci.

Ni dai an kore ni daga aiki. Ya ce ko kusa da rimot kada in zo. Yanzu ya fi ni makara, a dutse na uku yake faɗowa, ya yi tsaki ya sake farawa. Allah ya sa kada rijiyar nan ta ƙare da wuri.

Ki nemi hutu ki taho, ke da maigidan da yara. Ki gaya wa kawunsa da gwaggonninsa, duk wanda ke da ƙafa ya zo. Akwai kujeru. Ku zo ku ga yadda jikana yake faɗawa rijiya da hannunsa.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Kafinta