Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Alhamis, 31 ga Oktoba 2024

Yaya Manzo, ɗan wan babana, ya zo da wayarsa bayan la'asar, wai in ga hoton "ɗan Amurka". Na tuna masa Monterrey a Meziko take, kuma aikina ke nan koya wa yaran sakandaren CEG ta Filinge inda garuruwa suke. Ya ce shi bai ga bambanci ba. Da na duba, ni ma ban gani ba. Yaron na tsaye gaban wani kanti mai rubutun Ingilishi, da hular hana-salla, riƙe da kabewa an ƙwaƙule cikinta an yanka mata ido da haƙora. Bikin fatalwa ne, daga tsallaken iyaka sunka aro shi. Kabewar da za ta yi miyar gida biyu.

"Yaron" nake rubutawa, ko a nan inda ba mai gani. Ɗan fari ne. Tun ran suna bakina bai kama sunansa ba, uwarsa Balkisa ma haka. Da anka yaye shi Inna, kakarsa, ta ɗauka, da ta rasu ya koma hannun Yaya Manzo. Haka anka yi da ni. Na karanta abin da Turawa sunka rubuta kan kunyar ɗan fari, har na yi dariyar kurakuransu. Ban dai daina ba.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Yau na fahimci aikin nasa. Kamfanin Amurkawa ne, shi kuma yana amsa wayar mutanen Kanada masu jin Faransanci idan injin wankinsu ya lalace. A wurin aiki sun ce sunansa na da wuyar faɗa, sun raɗa masa Nik. To. Ni ban kira ba, su sun canza.

Ya ce garin cike yake da Amurkawa masu gudun tsadar ƙasarsu. Suna da unguwarsu gindin dutse, da makarantarsu, ba sa ko koyon harshen masu gari. Su a kira su baƙi masu daraja, shi kuwa ɗan gudun hijira, alhali kowa cikinsa ya biyo. Masu gari na kallon ƙwallon Amurka, suna cin gurasarsu mai nama a tsakiya, ran hutu su tsallaka sayayya kamar mu da kasuwar Baleyara.

Yana da katin zama, yana da ɗaki, yana aiko wa uwarsa. Shekara biyu bayan wahalar dajin da ya ratsa, ai sai godiya.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Ya aiko murya. Yaya Manzo, da yake bai san sirri ba, ya kunna ta a majalisa gaban mai shayi. Gaisuwa ce lafiya lau, sai a ƙarshe: "Baba, ina ƙaunarka." Da Hausa. Gaban mutane.

Wai haka abokan aikinsa ke rufe waya da iyayensu. Sai mai shayi ya tambaye ni ko in ƙara sukari. Na ce wa Yaya ya ce masa ya riƙe salla.

Asabar, 9 ga Nuwamba

An yi zaɓe a Amurka, kowa na cewa za a rufe iyaka in shekara ta juya. Yaya Manzo ya same ni bayan rumbu muna ɗora damman gero, ya ja ni gefe. Yaron zai tsallaka. Shi da Abdulrazak, wani ɗan Abala da suke ɗaki ɗaya. Sun sami masu ƙetarar da mutane ta kogi.

Kogi. Bakurfe, ɗan tudu, da kogi. Ruwan da ya fi sani shi ne tabkin damina, iyakarsa gwiwa.

Na ce a hana shi. Yaya ya ce ya hana har muryarsa ta dushe, ga abin da yaron ya amsa: "In Baba ya ce mini kar in tafi, da bakinshi, da sunana, na fasa."

Ɗabi'ar can ce wannan, a zaunar da uba a yi ciniki da shi.

Litinin, 11 ga Nuwamba

A kalas ɗin 3e, ajin ƙarshe, darasin iyakoki ne, kamar da gangan. Na rataya taswira, na nuna kogin da sanda. Siriri ne kamar zare. Daga Monterrey zuwa gaɓarsa bai fi nan da Yamai da wani abu ba. Wata yarinya ta ce, Mushe (haka suke kiran malami), ana iya wucewa da ƙafa? Na ce ta buɗe kayenta, wato littafinta, ta yi rubutu.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Ya kira bayan masallaci, can gari bai gama wayewa ba. Yaya ya danna mini wayar a kunne kafin in shirya.

Na ce ina gajiya. Ya ce babu. Na ce ya sanyi. Na gaya masa gero ya yi kyau gonar gabas, ta yamma tsuntsu ya taɓa. Ya ce madalla. Yana jira, ina jin motocin garinsu. Na ce to, a dai yi hankali da duniya. Ya ce, "Shi ke nan, Baba?" Na ce ga babanka Manzo.

Yaya ya karɓa yana harara ta. Bayan sun gama ya ce, Lawali, kai da ke surutu gaban yara sittin daga safe zuwa azahar.

Na ce ai ya ji saƙona ta bakinka, kuma ya san nawa ne. Kuma gaskiya ce.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Balkisa ta ajiye tuwo ba ta tashi ba. Ta ce, "Malam, ni uwa ce, ko wayar anka kawo, ɗaki nike shiga. Kunyata ta fi taka. Kai ka yi lakwal, ka yi boko, kai ka san inda kogin yake. Mi karatun ya amfana?"

Na fara yi mata bayanin cewa kunya ba ƙiyayya ba ce, ita ce ƙaunar da ta yi girma har ta fi ƙarfin baki. Jimla mai kyau, na so in rubuta ta. Ta ce in an kawo mata labari marar daɗi sai in maimaita mata. Ta ɗauke kwanon miya ta fita.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Ba zai tafi ba. Barazana ce. Wa ke barin albashi ya shiga ruwa?

Juma'a, 29 ga Nuwamba

Hotuna kuma. Jiya shugabarsu, Ba'amurkiya, ta tara ma'aikata cin talotalo, wai ranar godiya ce a ƙasarsu. Tsuntsun ya kai ɗan akuya. Al'adar ita ce kowa ya tashi ya faɗi abin da yake godiya a kai. Yaya ya ce yaron ya ce shi yana gode wa ubansa, wanda ya taɓa barin taswirar duniya a zauren Inna bai dawo ɗauka ba.

Ban manta ta ba. Ajiyewa na yi. Ashe ya sani.

A hoto na ƙarshe akwai jaka a bayansa, ɗaure.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Sun tafi. Ya bar wa Yaya gajeren saƙo: sun shiga bas zuwa garin iyaka, a yi addu'a, a gaida Baba.

Lahadi, 1 ga Disamba

Shiru.

Litinin, 2 ga Disamba

Shiru. Yaya ya koya mini karatun alamomin: ƙugiya ɗaya, saƙo bai isa ba, biyu, ya isa, in sun yi shuɗi, an ji. Duk nasa ƙugiya ɗaya. Na ba yara aikin da ban duba ba.

Talata, 3 ga Disamba

Wan Abdulrazak ya zo daga Abala a kan moto, da hanyar nan yadda take da haɗari. An gaya musu wasu masu bindiga sun tare bas kafin garin iyaka, sun sauke baƙaƙen fata da 'yan wasu ƙasashe. Ba a san wace bas ba. Ya tambaye ni, a matsayina na mai ilimi, su wane ne mutanen. Na yi masa bayani tiryan-tiryan, har da tarihi. Ya yi godiya. Da ya tafi na zaga bayan gida na yi amai.



Laraba, 4 ga Disamba

Da hantsi na bar kalas na je rumfar Yaya, yana auna wa wata mata gero. Na ce ara mini waya. Bai tambaya ba, ya nuna mini inda ake dannawa a riƙe.

Na tafi bayan makaranta inda ba kowa sai awaki. Na danna, na saki. Na danna, na yi gaisuwa, na goge. Wata akuya ta tsaya tana kallona kamar sufeto.

Na uku na faɗa. Sunan ya fito a karkace, kamar kalmar harshen da na iya karantawa ban taɓa ji ba. Na ce ni ne ubanka. Na ce kar ka shiga ruwan nan, ka koma ɗakinka, ni na ce. Sauran abin da na ce ba na takarda ba ne.

Ƙugiya ɗaya.

Alhamis, 5 ga Disamba

Ɗaya. Na je rumfar har Yaya ya ce in tafi da wayar, ciniki nake kore masa.

Juma'a, 6 ga Disamba

Ana shirin tafiya masallaci ƙugiyoyin sunka zama biyu. Ina kallo sunka yi shuɗi. Na zauna a dakali da takalmi ɗaya a ƙafa.

Ya kira. Ba bas ɗinsu anka tare ba. A garin iyaka masu ƙetararwa sun karɓe wayoyi, sun kulle su a wani gida, suna fitar da su kaɗan-kaɗan. An tafi da Abdulrazak shekaranjiya. Shi yau ne nasa, an ba shi wayar ya shaida wa gida cewa komai lafiya, sai ya ga saƙon. Ya ce musu ya fasa. Sun yi dariya, sun riƙe abin da ya biya da jakarsa, sun ajiye shi bakin titi. Yanzu yana gidan baƙi na wasu 'yan coci, gobe zai nemi mota ya koma.

Ya ce, "Baba, ka sake faɗi in ji."

Na ce kuɗin waya na tafiya.

Lahadi, 8 ga Disamba

Ya isa Monterrey. Bai san ko za su maida shi aiki ba. Abdulrazak har yanzu babu labari. Gobe zan nemi wansa, ban san abin da zan ce masa ba, kuma wannan karon ba zan yi tarihi ba.

Yaya ya kunna wa Balkisa saƙon nawa, da yake har gobe bai san sirri ba. Ta rufe fuska da mayafi ta ce tir, Malam ya zubar da girma, ya zama Ba'amurke. Ta shiga ɗaki. Can sai ta leƙo ta ce wa Yaya ba ta ji farkon da kyau ba.

Na sayi waya a kasuwa, irin mai hoto. Don aikin lakwal ne, dirakte, shugaban makaranta, ya daɗe yana damunmu. Mai shagon ya sa mini lambar Yaya da ta dirakte, ya ce ta ukun fa, wane suna za a sa? Na ce bari, na iya rubutu.

Naziru ya ce sanyi ya shigo can, kuma rigar sanyinsa na cikin jakar da sunka riƙe. Sai in ji ko ana iya aikawa.