Ƙwaryar Inna Hajo

Zuwa ga Yaya Umaru,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Yaya zaman Fatakwal? Yaya ƙafar taka? Mu nan Mungadi sai godiyar Allah.

Mun girbe shinkafar fadama da injin nan da ka matsa a ɗauko daga Jega. Gaskiyarka ne, kafin azahar ya gama. Shi ya yanke, ya buge, ya sheƙe, namu ɗura buhu kawai.

Muna cikin ɗinke buhuna sai ga Inna Hajo, tsohuwar da ke yi mana sheƙa tun Baba yana da rai, da faifanta da ƙwarya a ka. Ka san da abin sheƙar nan take riƙe marayun ɗanta. Ta daɗe tana kallon gonar, sannan ta ce, "Sani, ashe bana ƙarfe ya yi muku sheƙa. Allah shi sa albarka." Na cika mata ƙwaryar da shinkafa, ta juye a buhunmu, ta ce ita aiki ta zo, ba roƙo ba.

Yaya, har yau shinkafar nan ba ta yi mini daɗi a baki ba. Baɗi gefen rafi da lauje za a yanke shi, ko ka yarda ko kada ka yarda.

Ka sa mu a addu'a, ka gaishe da mutanen gida. Inna Hajo ma, da za ta juya da ƙwaryarta wayam, ta ce a gaishe ka.

Ƙaninka,
Sani