Fim ɗin da Sani ya kawo

Akokan, daren Laraba

Yau Sani, ƙanen mijina marigayi Habu, ya kawo fim, wai in rage kewa tunda na fita takaba. Surukata Inna, da ba ta kallon tele, har da jawo tabarma.

Labarin wata ce da mijinta ya rasu, ƙanensa ya riƙe yaran, ƙarshe ya aure ta. Na yi kuka, don tarin mijin irin wanda Habu ya kwaso ne a ramin ma'adinai. Ina share hawaye sai na ga ashe ni Inna take kallo, ba tele ba.

Ta ce, "'Yata, yarinyar nan ta fim ta yi hankali, ko?"

Na juya wajen Sani. Kuma wallahi turaren da Sani ya fesa na Habu ne, wanda na nema na rasa tun ranar sadakar uku.