Tafin da Ya Kusa Kayar da Auta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Ya ciwon bayan nan naka? Anti ta ce har yau ka ƙi zuwa asibiti, sai dai ka shafa man zafi ka haye injin ɗaga kaya kamar wani saurayi. Allah ya ba ka lafiya, ya haɗa maka da kunnen jin magana. Mu nan kowa lafiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida da kanta tana yi wa kowa faɗa, ka ga kuwa lafiya ta samu. Maigidan yana nan yana fama da aikinsa, ni kuma ɗinkin kayan makaranta ya rufe ni a shago, sai godiyar Allah.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Da gangan na yi. In na kira ka, kafin in kai tsakiyar magana ka saka dariyar nan taka, ka ce ƙanwata ta fara, shi ke nan maganar ta bi ruwa. Takarda kuwa ba ka da yadda za ka katse ta. Kuma tun nan in gaya maka, ranar da ka kira 'yata Auta kana tambaya ko ɗaki ya cika, ba layi ba ne ya yanke. Ni ce na karɓi wayar daga hannunta na kashe, don abin da ke bakina a lokacin bai dace ƙanwa ta faɗa wa yayanta ba. Raina a ɓace yake, Yaya, kuma har yanzu bai huce ba.

Na ga alamar ba ka fahimci aikin yarinyar nan ba, to bari in warware maka. A shekararsu ta ƙarshe a makaranta an ce kowane ɗalibi ya nemi mawaƙin da ba a san shi ba, ya haɗa masa ɗan gajeren bidiyon talla wanda zai sa mutane su nemi waƙarsa. Auta ta zaɓi wani mai gyaran waya da ke kusa da shagona, mutum mai murya, amma ko maƙwabtansa ba su san yana waƙa ba. Bidiyon da ta turo maka rabin aikin ne kawai. Ɗaya rabin, wanda ya fi nauyi a wajen malamarsu, shi ne ta tara matasan da ba su san ta ba, ta nuna musu, ta ɗauki abin da suka ce da kyamara, sannan ta koma ta gyara aikin bisa abin da ta ji. Malamar ta gaya musu ƙarara cewa ba yabo take nema ba, so take ta ga ɗalibin da ya iya jin gyara ya yi aiki da shi.

Da idona na ga wahalar da ta sha wajen tara mutanen nan. Yarinyar da in baƙo ya yi sallama take shigewa ɗaki, ita ce ta riƙa tsayawa a tashar mota da shagon aski da wajen masu cajin waya, tana roƙon mutanen da ba ta taɓa gani ba su ba ta ɗan lokacinsu. Wasu suka yi mata dariya, wasu suka ce sai ta ba su lambarta tukuna. Ta dawo ƙafa duk ƙura, murya a dishe, amma ta samu adadin da ake so. Ni kaina da na ce zan je, sai da ta kafa mini sharaɗi: in zauna can baya, in riƙe mata jakar kyamara, kada in tafa, kada in ce uffan. Na yarda, don na san abin da take tsoro.

Ɗakin da aka ba ta a makaranta ƙarami ne, a hawa na sama. Na ɗinka mata baƙin yadi ta liƙe tagogi don hoton majigi ya fito sosai. Fankar ɗakin tana ƙara, sai aka kashe ta don kada ta shiga cikin ɗaukar murya. Kujerun roba ne daidai yawan mutanen da ta gayyata, ta kafa kyamara a gaba tana kallon kujerun. Muna cikin jona waya na ji hayaniya a matakala, na ji wata murya da ko a cikin barci zan gane ta. Yayarmu Rediyo ce a gaba, ta ci ado, ana biye da ita da kulolin abinci. Bayanta ga abokinka Direba, wanda ya kwaso su a motarsa, ga surukanka, ga Baffa da sandarsa, ga matan layinmu na da, har da mutanen da rabona da su tun Auta na goye. Kafin ka ce me, sun cika kujerun tsaf. Da matasan da aka gayyata suka iso, suka leƙo suka ga iyaye zaune ana rarraba faranti, yawancinsu suka ɗauka ɗakin suka ɓata, suka juya. 'Yan kaɗan ne suka daure suka tsaya a jikin bango.

Na ja Rediyo gefe na ce mata su fita. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce wai ni wace irin uwa ce da zan bar 'yata a hannun baƙi su ci mata fuska. Auta kuma ba za ta iya korar Baffa daga kan kujera ba, kai ma ka sani, kuma an ce mata wani ajin zai shigo bayanta. Haka ta kashe fitila ta kunna bidiyon.

Yaya, ko sautin farko bai gama fita ba aka fara tafi. Aka yi ta yi har bidiyon ya ƙare. Ban yi zaton akwai wanda ya ji baiti ɗaya na waƙar ba. Mawaƙin yana tsaye kusa da ni, ya sa sabuwar riga don ranar, na ga yana kallon ƙasa. Da aka kunna fitila Auta ta fara tambayoyinta: me ya tsaya muku a rai, a ina kuka ji kun gaji, za ku nemi waƙar ko ba za ku nema ba. Direba ya miƙe ya gyara hula ya fuskanci kyamara, ya ce tun da yake bai taɓa ganin fim irin wannan ba. Baffa, wanda na ga yana gyangyaɗi tun daga farko, ya ce babu abin gyara ko ɗaya. Wata ta ba da labarin yadda Auta ta kwance rediyon babanta tana ƙarama. Wata ta yi addu'ar Allah ya kawo miji nagari, ɗaki ya amsa da amin. Duk wannan kyamara tana ɗauka.

Sai wata yarinya mai tabarau daga cikin na jikin bango ta ɗaga hannu. Cikin ladabi ta ce hotunan sun yi kyau, amma sunan mawaƙin ya wuce da sauri, har bidiyon ya ƙare ba ta san waƙar wa aka tallata mata ba, balle inda za ta same ta. Ta ƙara da cewa wajen da yake tafiya a kan titi ya yi tsawo. Da ka ga fuskar Auta a lokacin. Tun da aka shigo ɗakin sai a nan na ga ta yi murmushi, ta ɗauki biro da sauri, ta ce wa yarinyar don Allah ta ci gaba. Ba ta samu ta ci gaba ba. Rediyo ta juyo da kujerarta gaba ɗaya ta ce, "Ke 'yar gidan wa ce? Me kika taɓa haɗawa da za ki zo kina kushe aikin mutane?" Sauran suka kama, wannan ta ce hassada ce, waccan ta ce turo ta aka yi. Yarinyar ta rataya jakarta ta fita ba ta waiwayo ba, sauran matasan suka bi ta, mawaƙin ma ya sulale. Mutum ɗaya tak a ɗakin nan ya ba 'yata abin da ta zo nema, shi ne danginta suka kora. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai washegari, kafin kiran nan naka, na san daga ina abin ya taso. Matar Direba ta zo shago karɓar ɗinki, baki har kunne, ta kunna mini saƙon muryar da ka tura musu ɗaya bayan ɗaya. Na ji ka da kunnena kana cewa kowa ya je ya cika ɗakin, duk wanda aka tambaya ya ce ya yi kyau, kada a bari wani ya kunyata 'yarmu. Na kuma ji inda ka ce kada a gaya wa uwarta, don za ta hana. Wannan ce ta fi ƙona mini rai. Ashe ka san zan hana. Ka san akwai dalili, amma maimakon ka tambaye ni dalilin, sai ka zagaya ta bayana. Daga inda kake zaune, ba ka ga ɗakin ba, ba ka san malamar ba, ka shirya wa yarinya ranarta kamar kai ne za ka zauna jarrabawar.

Na san don ƙauna ka yi. Kai ka ba ta kwamfutar da ta haɗa aikin, kai ka tsaya mata lokacin da babanta yake cewa wannan karatu wasa ne. Ban manta ba, ita ma ba ta manta ba, shi ya sa da ka kira ta ce maka ɗaki ya cika, ta gode, hawaye na zuba a fuskarta. Amma ka duba naka aikin. Kana can sama cikin inji, ba ka ganin ƙasa, wani ne yake tsaye yana yi maka alama da hannu. In wata rana ya ga kaya sun karkace, ya ce don yana ƙaunarka ba zai ɓata maka rai ba, ya ɗaga maka babban yatsa, me za ka kira shi?

Malamar ta kalli abin da kyamara ta ɗauka, ba ta ma kai ƙarshe ba. Ta ce wannan taron dangi ne, ba masu kallo ba ne, kuma da ba don ta san halin Auta ba da ta ce shirya shi aka yi don a yaudare ta. Ta ba ta dama ɗaya kafin a rufe maki. In ba ta kawo ra'ayin baƙi na gaskiya ba, darasin ya faɗi, abokanta su fita ita ta zauna maimaici. Ka ga inda tafinka ya kai mu.

Yarinyar nan ta fi ni haƙuri. Ta yi ta cigiya har ta gano mai tabarau a shagon buga takardu inda take aiki, ta ba ta haƙuri a gaban mutane. Da ƙyar ta yarda ta sake kallon bidiyon a waya, ta nuna mata wuraren da take nufi. Auta ta dawo ta rage tafiyar titin, ta sa sunan mawaƙin ya tsaya har mai karatu a hankali ya karanta. Ta koma tasha da shagon aski tana roƙo daga farko, yanzu kuma da ƙarin tsokana, don labari ya riga ta zuwa. Suna tambayarta ko za a zo da kuloli, ko kuma sai sun zo da lauya kafin su yi magana. Tana dariya tare da su, ta dawo gida ta kasa cin abinci.

Yau da safe ta fito da kwamfuta a jaka da lasifikar aro a hannu, ta naɗe baƙin yadin nan ta sa a hammata. Na gane yau ne. Na ajiye almakashi na ce ta jira in ɗauko mayafi in riƙe mata kaya, na yi mata alkawari ko tari ba zan yi ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ba ta dube ni ba, ta ce, "Mama, ki yi haƙuri. In na dawo zan gaya miki inda aka yi." Ni da na cika sharaɗinta, ni da ban tafa ba, yau 'yata tana ɓoye mini inda za ta don kada labari ya kai ga dangi. Ban ga laifinta ba. Tun da ta fita nake zaune a shago, keken ɗinki a rufe, ina rubuta maka wannan, kuma har yanzu ba ta dawo ba.

Abin da nake so a gare ka kaɗan ne. Kada ka kira kowa, kada ka tura wa kowa saƙo, kada ka sa Direba ya je ya duba maka. Kada ka kira malamar don ba da haƙuri, na san halinka. In kana son yi mata wani abu, ka sake kallon bidiyon nan da ke wayarka, kai kaɗai, ka nemo abu ɗaya da bai yi maka ba, ka ajiye shi har ranar da ta tambaye ka da kanta, in ta sake tambaya.

Ka gaida Anti, ka ce mata na gode da yadin. Ka gaida Babban Yaro da 'yan biyu, Allah ya yi musu albarka. Inna tana gaishe ka, ta ce ka je asibiti. Maigidan yana gaishe ka. Rediyo ma na san tana gaishe ka, ko da yake ba ma magana tukuna. Auta ba ta ce in gaishe ka ba, ni kuma ba zan rubuta maka gaisuwar da ba a ba ni ba don ka ji daɗi.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka, wadda ke fushi da kai kuma take yi maka addu'a,

Maman Auta