Fitilar da Aka Kafa a Tudun Malama Rahina

Zuwa ga Mai Girma Prefe, shugaban gundumar Dogon Dutsi
Daga Bilyaminu Maikano, sakataren ƙungiyar iyayen ɗalibai, Unguwar Sambo
Ranar 3 ga Fabrairu, 2025

Game da: Fitilar sola da ta tsayar da awon tauraro

Ranka ya daɗe,

Tun ranar 11 ga Janairu, Malama Rahina Zaidu, malamar kimiyya a kwalejinmu, ba ta sake samun awo mai amfani ba. Dalili shi ne fitilar sola da shugaban kwamitin raya ƙauye, Alhaji Is'haƙa, ya sa aka kafa a tudun da take aiki.

1. Malama tana bin wani tauraro ne a cikin rukunin taurarin nan, Kaza da 'Ya'yanta. Yana da tsananin zafi, yana juyi da gudun da har iskar jikinsa ke zuba ta yi masa zobe. Haskensa kan ƙaru ya ragu cikin 'yan sa'o'i. Ido ba ya kama canjin sai na'ura, na'urar kuma sai da duhu.

2. Ranar 20 ga Nuwamba, Alhaji ya hau tudun da ƙafarsa, ya sa ido a madubin hangen nesa, ya daɗe bai ɗago ba. A gaban maigari ya yi alkawari ba za a kawo wuta kusa ba. Malama, wadda take kiransa Baba, ta ce ba sai an rubuta ba.

3. Fitilar nan don bakin rijiya aka ba ƙauye. Da Alhaji ya ji baƙi na tafe daga Dosso, sai ya sa aka kai ta tudu, aka liƙa allo da sunan Malama, wai karramawa. Tana aji aka yi. Yanzu mata na jan ruwan asuba cikin duhu, wasu sun daina amsa gaisuwar Malama.

4. Ta je gidan Alhaji, aka ce yana barci. Ta koma, aka ce ya tafi garin Kore Mairuwa.

Na'urar aro ce daga wata ƙungiyar masu nazarin taurari. Sun sanar cewa in damina ta faɗi ba awo, za su ɗauke ta zuwa wani gari. Kaza kuwa za ta ɓuya wajen ƙarshen Afrilu.

Muna roƙon Mai Girma ya ba da umarni a mayar da fitilar nan bakin rijiya, a cire allon. Har yau makullin akwatin fitilar, wanda sai da shi ake kashe ta, na aljihun Alhaji, kuma bai dawo ba.

Cikin ladabi da girmamawa,
Bilyaminu Maikano